Ɗan Ƙarfe Mai Tagogi Shida

Yayana Veikko ya cika saba'in da ɗaya
shekarar da kafaɗarsa ta ce ta gaji.
Bindigarsa ta farautar hirvi,
dabbar dajinmu da ta ɗara bijimi tsayi,
in ya ja kunama sai ta rama,
ta shure shi shurin alfadari,
ya kwana uku bai ɗaga butar gahawa ba.

Muka tafi Kajaani, wurin Tuure maƙeri.
Bai ja zance ba, mutanenmu ba sa ja.
Ya murɗa wani ɗan ƙarfe a bakin bindigar,
tsawon yatsa, baƙi wuluk,
tagogi uku ta dama, uku ta hagu.
Ya ce, birki ke nan.
Wutar da ke bin harsashi a baya,
da can gaba take bi, ta hankaɗo ka;
yanzu za ta ci karo da bango,
ta ja bindigar gaba, ta fice ta gefe.

Veikko ya ce, gudun fa? Kar ka ci mini gudu.
Tuure ya goge hannu da tsumma.
Ya ce, kafin birki ya san an yi baƙo
harsashi ya riga ya yi sallama.
Muna bakin ƙofa ya ƙara wata magana,
injin niƙansa ya haɗiye rabinta.
Abin da na tsinta: ƙarfi ba ya mutuwa,
sai dai a nuna masa wata ƙofa.

Asabar, a ramin tsakuwa bayan tafki,
raɓa ta daskare a kan ciyawa.
Muka kafa na'urar auna gudu.
Ni ce mai littafi, ni ce mai fensir.
Ba birki: ɗari takwas da arba'in da biyu,
mita ke nan, cikin daƙiƙa guda.
Ya cije leɓe, ya murza kafaɗa,
ya ɗaura ɗan ƙarfen, ya kwanta rub da ciki.

Na durƙusa a hagunsa.
Ya yi magana ban ji ba,
na ɗage marufin kunnena na dama
in ce, me ka ce?

Ba ƙara ba ce. Mari ne.
Iska ta zabga mini tafi a kunci,
ganyen da ya rage a bishiya ya zubo,
kariyarmu Halla ta shige ƙarƙashin mota
ba ta fito ba sai da aka nuna mata tsiran alade.
Na duba na'ura da ido mai ruwa:
ɗari takwas da arba'in.
Na gaba, da arba'in da uku.
Tuure bai yi ƙarya ba, gudu na nan daram.

Veikko kuwa dariya yake,
irin wadda rabona da ita tun rasuwar Sirkka.
Yana dukan kafaɗa yana cewa, Aune, ko gezau!
Bakinsa na gani. Muryar daga baya ta iso,
kamar mai kira daga ƙasan rijiya.

Ya kayar da hirvinsa a kakar nan,
harbi ɗaya, a gefen fadama.
Mun ci nama har bazara.

Sauro guda ya tare a kunnena tun ranar,
ba ya cizo, ba ya tashi,
ko a tsakiyar hunturu yana nan yana kuka.
Ban faɗa wa Veikko ba.
Na dai sauya kujera a teburin cin abinci,
na koma damansa, inda zan ji shi.
Ya ce, hasken taga kike bi?
Na ce, i.
Miƙo gishirin.